Gargaɗi ga Masu Wake: Ƙwaro Ya Riga Ku Shiga Buhu

Duk wanda ya rore wakensa bana a ƙasar Bichi, Ɗambatta, Minjibir, Gezawa, Tsanyawa, Makoɗa ko Dawakin Tofa, ya sussuke ya sheƙe, ya ɗura a buhu ya jingine a ɗaki yana jiran farashi ya tashi, to ya sani akwai wani mai ci a cikin buhun nan da ya riga shi fara aiki. Waken da kuke gani fes, babu huji ko ɗaya, da ƙwai a jikinsa ya baro gona. Makonni kaɗan ne suka rage kafin abin ya fito fili, kuma ranar da ya fito, mafi yawan mutane guba suke nufa. Ɓarnar biyu ce ke nan a jere: ta ƙwaro tana cinye dukiya, ta magani tana iya cin rai. Dukkansu ana iya tare su yanzu, da kaka, tun buhu bai fara ɗumi ba.

 Ƙwaron wake tsoho ne, a nahiyar nan ya samo asali tare da waken kansa, masana suna kiransa Callosobruchus maculatus. Sai dai duk da daɗewar zama tare, kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa suka dube shi da kyau. Rashin sanin jikinsa da yadda yake rayuwa shi ke sa a riƙa yaƙarsa a makare, da makamin da bai dace ba.

Ku kama ɗaya ku ɗora a tafin hannu. Tsawonsa bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, jikinsa a dunƙule, ja-ja mai duhu, kansa a sunkuye. Ba shi da dogon baki irin na ƙwaron masara. Fukafukansa na sama masu tauri gajeru ne, ba sa rufe ƙarshen cikinsa, shi ya sa za ku ga bayansa a waje. Macen ta fi namijin girma da duhu, tana da baƙaƙen ɗigo manya a gefen fukafukanta, bayanta baƙi ne da farin layi a tsakiya. Cinyoyin ƙafafunsa na baya masu kauri ne. Idan kuka taɓa shi sai ya naɗe ƙafafu ya yi lamo kamar ya mutu, da kun kau da ido ya miƙe ya ruga. Abin da zai ba ku mamaki shi ne, wannan da kuke gani yana yawo a bakin buhu ba ya cin wake. Kwanakinsa a duniya ba su wuce mako ɗaya zuwa biyu ba, kuma ba shi da aiki sai barbara da saka ƙwai. Duk cin da zai yi a rayuwarsa ya riga ya yi shi tun yana tsutsa a cikin ƙwayar wake. Don haka matar da ta shanya wake a tabarma ta ga ƙwari sun watse, ta ce alhamdu lillahi sun tafi, waɗanda suka gama ɓarna ne suka tafi. Masu ci suna ciki, ta mayar da su buhu da hannunta.

Mace ɗaya tana iya saka ƙwai har kusan 100. Ɗaya bayan ɗaya take manna su a bayan ƙwayar wake da wani danƙo da ba ya fita da sheƙa ko kakkaɓa, kuma tana da wayon rarraba su: idan ta shinshino wata ta riga ta saka a ƙwaya, sai ta nemi wadda babu kowa. Ku ɗebi wake cikin tafi ku fita rana ku duba da kyau. Sabon ƙwai garau yake kamar ɗigon ruwa, da ƙyar ido ke kama shi. Wanda ya koma fari fat kuwa an gama, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta huda ta ƙarƙashinsa ta shige, garin da ta tono ne ya cika ɓawon ƙwan ya yi fari. Ba ta taɓa fitowa sarari balle a gan ta. A ciki za ta ci ta girma, ta sake fata sau da yawa, sannan kafin ta kwanta ta rikiɗa sai ta kankare wani zagaye a ƙarƙashin fatar waken ta bar shi siriri. Idan kun ga wani da'ira mai duhu-duhu a jikin ƙwaya, taga ce, ƙwaro na bayanta yana shirin turo ta ya fito. Hujin da muke gani zagaye sumul, ƙofar fita ce. A lokacin zafi, daga ƙwai zuwa ƙwaro mai saka nasa ƙwan, mako uku zuwa huɗu ne.

Ku yi lissafin da kanku. A ƙaddara cikin duk ƙwan da mace ta saka, mata goma kacal ne suka rayu. Wata na farko goma, na biyu ɗari, na uku dubu, na huɗu dubu goma, daga uwa ɗaya. Buhu kuwa ba da uwa ɗaya yake farawa ba. Shi ya sa waken da aka ajiye haka kawai ba tare da kariya ba, kafin ya yi wata shida da wuya a sami ƙwayar da ba ta huje ba. Kuma sanyin hunturu yana yaudarar mutane ƙwarai. A Disamba da Janairu girman tsutsar yana jinkiri, mai buhu ya zura hannu ya ga lafiya lau, ya saki jiki. Da zafin bazara ya kankama a Maris da Afrilu sai abin ya ɓarke gaba ɗaya: buhu ya ɗau zafi, ya soma wari, gari na zuba ta gindinsa. Daidai lokacin da farashi ya tashi ke nan, lokacin da aka yi ta haƙuri dominsa. A kai shi kasuwar Dawanau dillali ya soka ƙarfe ya zaro, ya watsa a tafinsa, ya ce, "Alhaji, ai wannan ya sha ƙwaro," ya karya kuɗin yadda ya ga dama. Mai ƙosai ba ta so, mai alale ba ta so, kuma ko iri aka bari, ƙwayar da ta sha huji uku ko huɗu ba ta tsirowa da ƙarfi.

Akwai dalilin da ya sa ƙasarmu ta arewacin Kano ta fi dacewa da wannan ƙwaro fiye da wurare da yawa. Tun shekarun 1960 masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Jami'ar Bayero, ya yi ta rubutu kan wannan yanki da ke kewaye da birnin Kano, inda mutane suka yi yawa har babu saura, kowace gona ana nomanta kowace shekara da taki, gero da dawa da wake da gyaɗa a kunya ɗaya, gida kuma a tsakiyar gonaki. Abin alfahari ne, amma yana nufin tsakanin ɗakin ajiya da gonar wake taku kaɗan ne. Ƙwaron nan kuma iri biyu yake fitowa. Idan abinci ya wadata, waɗanda ba su cika tashi ba ne ke fitowa, su zauna cikin buhu su yi ta haihuwa. Idan buhu ya cunkushe ya yi zafi, sai a fara samun masu tashi, su fice su nufi gona su saka ƙwai a kan kwanson waken da ya fara bushewa. Ragowar tsohon wake kwano biyu da aka manta a bayan randa tun bara ya isa ya raba wa gonakin unguwa iri. Tsohon buhun da aka kakkaɓe sama-sama aka sake ɗurawa, shi ma haka. Waken da aka bari ya daɗe a gona bayan ya bushe, saboda ana fama da yankan dawa, ya fi kowanne kwasowa. Ma'ana, sakacin gida ɗaya ba a gida ɗaya yake tsayawa ba.

Wani kuskure kuma da ya fara yawo shi ne na masu shuka sabon irin nan, SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar a ƙarshen 2019. Irin yana da kyau, yana jure tsutsar da ke cin fure da kwanso a gona. Amma juriyarsa a gona ta tsaya. A cikin buhu, ƙwaron ajiya yana cinsa kamar yadda yake cin Ɗan'ila da Kanannado.

To ga inda maganar ta fi tsanani. Idan mutum ya buɗe buhu ya ga dukiyarsa na zama gari, hankalinsa tashi yake yi, ya nufi kasuwar ƙauye ya sayo abin da ya samu. Wani ya sayo Sniper ko fiya-fiya, ya shimfiɗa waken a tsakar gida ya yayyafa ya cuɗa da hannu, yara na wasa a gefe, kaji na tsattsaga. Sinadarin da ke cikinsu, dikulobos, ba a yi shi don a zuba a kan abincin da mutum zai ci ba. Saboda shi ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015, bayan an yi ta samun ragowarsa fiye da kima. Ƙa'idarsu miligiram 0.01 ce a kilo ɗaya, an kuwa sami wanda ya ninka haka sau ɗaruruwa. A 2018 hoton bidiyon 'yan kasuwa suna cuɗa wake da Sniper ya karaɗe ƙasar nan, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni. Turawa dai sun rufe ƙofarsu sun huta. Waken da suka ƙi bai ɓace ba, mu muka cinye shi a garau-garau da ɗanwake da ƙosan safe, mu da 'ya'yanmu na makarantar kwana da almajirai. Abin takaicin ma, feshin a bayan ƙwaya yake tsayawa, tsutsar da ke can ciki sau da yawa ba ta ma san ana yi ba. Bayan mako biyu sababbi su fito, a sake fesawa. Wanki da tafasa suna rage wani abu, amma babu uwar da za ta iya rantsuwa cewa ta wanke duka.

Magani na biyu shi ne ƙwayar da ake kira bom, wato Phostoxin da danginsa. Wannan yana kashe ƙwaro har na cikin ƙwaya, gaskiya ne, domin da ya sha danshin iska sai ya saki wani hayaƙi da ba a gani, fosfin, mai ratsa komai. Amma an yi shi ne don ƙwararru, a rumbun ajiya da aka toshe, nesa da inda mutane ke kwana. Mu kuma ina muke ajiye buhunan wake? A uwar ɗaka, a ƙarshen gado, don tsoron ɓarawo. Mutum ya ƙulle ƙwaya biyu a tsumma ya tura cikin buhun da iska ke ratsawa, dare ya yi sanyi a rufe ƙofa da taga, mai jego da jaririnta su kwanta. Hayaƙin ba ya tsayawa a buhu. Wani lokaci a ji ɗan wari kamar na tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, wani lokaci barci ya riga hanci. Gubar fosfin ba ta da makari, likita ma tallafa wa numfashi da zuciya kawai yake yi yana fatan jiki ya jure, kuma yara ta fi saurin kayarwa. Don girman Allah, kada a sa bom a ɗakin da ake kwana ko wanda ya haɗa bango da shi. Tokar da ta rage a tsumman ma guba ce, binne ta ake yi nesa da rijiya.

In kuwa tsautsayi ya riga ya faɗa, aka ga mutum na amai, yawu na dalala, gumi na karyo masa, ƙwayar idonsa ta ƙanƙance, numfashi na sarƙewa, a fitar da shi iska, a cire masa kayan da maganin ya taɓa, a nufi asibiti da kwalbar ko gwangwanin a hannu don likita ya san da me yake faɗa. Kada a tsaya ɗura masa manja ko madara. Ba sa karya gubar, suna iya sarƙe shi, kuma suna cinye lokacin da ya kamata a ce ana kan hanya.

Abin da ya sa duk wannan kasada ta zama wauta shi ne, ƙwaron yana da rauni babba: numfashi yake yi. Tsutsar da ke cikin ƙwaya tana buƙatar iska, kuma daga abincin da take ƙonawa da iskar take samun ruwan jikinta. A toshe mata iska, sai ta daina ci, ta bushe ta mutu. A kan wannan aka gina buhun nan mai leda biyu da ake kira PICS. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin Larry Murdock, sun fara gwada dabarar da abokan aikinsu a arewacin Kamaru tun ƙarshen shekarun 1980, aka inganta ta tare da Ibrahim Baoua na cibiyar binciken noma ta Nijar a Maraɗi, sannan daga 2007 aka yaɗa ta a ƙasashe goma na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. A nan Kano ma ake ƙera buhun, kamfanin Lela Agro na yin sa. Leda ce mai kauri guda biyu, ɗaya cikin ɗaya, a cikin buhun saƙa. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 nata ne mai rayarwa. A cikin buhun da aka ɗaure da kyau, ƙwarin da kansu suke shanye ta har ta yi ƙasa ƙwarai, su hallaka kansu. Ko ɗigon magani ba a sawa, kuma ranar da aka buɗe a ranar za a iya dafawa.

Amma buhun ba laya ba ne, sai an bi ƙa'idarsa, kuma a nan ne mutane ke faɗuwa su ce bai yi ba. Waken ya bushe ƙayau, wanda in an ciza zai fashe da ƙara, domin mai danshi in aka toshe shi fumfuna zai yi. A tsince tsakuwa da kara da guntun kwanso, su ne ke huda leda. Kafin a zuba, a buɗe kowace leda a kamo iska a matse bakinta a danna, in tana saki to ta huje, a liƙe ko a canza. Bayan an cika, a matse iskar da ta rage, a murɗe bakin ledar ciki a lanƙwasa a ɗaure ta ita kaɗai, sannan ta biyu ita kaɗai, sannan buhun waje. Masu haɗa uku su ɗaure da igiya ɗaya aikin banza suke yi. A ɗora kan katako, a janye daga bango saboda ɓera, kuma kada a riƙa buɗewa ana ɗiban na miya. A bar shi a rufe aƙalla wata biyu, na ci a ware shi daban tun farko. A kuma yi hattara da jabu, domin kasuwa ta cika da leda shara-shara da ake cusawa a buhu a kira ta da sunan da ba nata ba.

Wanda bai da kuɗin buhu bai rasa hanya ba. Jarkar mai da aka wanke ta bushe, ko duro mai murfi, a cika taf har baki, a sa leda a ɗaure murfin, aiki ɗaya suke yi da buhun. Sirrin shi ne cikawa, rabin jarka rabin iska ce. Iyayenmu mata kuma da tokar murhu suke adana iri, kuma bincike ya gaskata su, muddin an tankaɗe tokar aka sa ta daidai da yawan waken, kwano da kwano, aka danne aka rufe sama da wata tokar. Barbaɗa 'yar kaɗan ba ta hana komai. Rana ma makami ce idan an san yadda za a kama ta: a shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a ɗora baƙar leda, a baza wake sirara, a rufe da farar leda mai garau a naɗe gefuna a danne da duwatsu, a bar shi awa biyu da tsakar rana. Zafin da ke taruwa a ciki yana kashe ƙwai da tsutsa da uwar. Sai a bari ya huce a rufe shi nan take, in ba haka ba sababbi su sake hawa. Barkono da ganyen darbejiya suna ɗan korar na waje, amma kada a dogara da su a kan buhu goma.

Masu masara da dawa su ma kada su ce ba da su ake ba. Nasu ƙwaron shi ne mai dogon baki, baƙi-baƙi da ɗigo huɗu ja-ja a baya. Macen da bakin take huda ƙwaya, ta saka ƙwai a ciki ta toshe, kuma ita tana ci, tana kuma yin watanni a raye. Akwai ma wani baƙo da ya fi shi ta'adi, mai jiki kamar guntun ashana, kansa a ɓoye ƙarƙashin ƙirji, wanda ya shigo Afirka daga yankin Amurka ta Tsakiya, aka gan shi a Tanzaniya a ƙarshen shekarun 1970, a Togo a 1984, daga baya ya shigo kudancin Najeriya. Yana mayar da masara da busasshen rogo gari, har katakon rumbu yana hudawa. Motocin da ke sauke kaya a Dawanau daga ko'ina suke zuwa. Wanda ya ga masararsa na zubar da gari fiye da yadda ya saba gani, ya kama ƙwaron a kwalba ya kai wa malamin gona na hukumar KNARDA, kada ya yi shiru.

Masu unguwanni da dagatai, ku sa a yi shela a share ɗakunan ajiya, a fitar da ragowar tsohon wake a dafa ko a ba dabbobi, a tsoma tsofaffin buhuna a tafasasshen ruwa kafin a sake ɗura musu sabo. Malamai, ku faɗa a masallaci cewa wanda ya zuba guba a abinci ya kai kasuwa ya yi shiru, haƙƙin duk wanda ya ci yana wuyansa. Iyaye mata masu awo, ku shinshina kafin ku biya, waken da ke warin magani ku bar wa mai shi abinsa komai araharsa. Kai kuma ɗan'uwa mai buhu a ɗaka, kada ka jira Juma'a mai zuwa. Gobe da hantsi ka fito da shi, ka ɗebi tafi ɗaya ka duba a rana, ka shanya ya bushe, ka toshe shi kafin mako ya fita.